Layin Dogon da Nomau Ya Kulle

Nomau mutumin kirki ne ta fuskoki da yawa. Ba ya ƙarya, ba ya wasa da salla, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Aibinsa ɗaya ne, sai dai babba ne: yana da girman kai a kan sana'arsa, kuma duk wanda bai cika masa ido ba, ba ya ganinsa da gashi.

Sana'ar tasa kan ba mutum dariya idan ya fara jin ta. Ƙananan jiragen ƙasa yake sayarwa a Jidda, irin waɗanda kan jirgin bai wuce tsawon tafin hannu ba, masu tafiya da wutar lantarki a kan siririn layin dogo. Shi mutumin Maraɗi ne, ƙasarsu ba ta da jirgin ƙasa, garin da yake zaune ma a lokacin ba shi da shi, kuma bai taɓa shiga na gaske ba. Amma in ya buɗe baki a kan jirage sai ka rantse a tasha aka yanke masa cibiya.

Aikin Hajji ya kawo shi a ƙarshen shekarun 1970, bai koma ba. Wani dattijo mai suna Abdulghaffar, ɗan ƙasa amma jikan Hausawa, ya ɗauke shi aiki a shagonsa, ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. A wancan zamanin kasuwa na ci. Injiniyoyin Turawa da suka zo gina tashar jiragen ruwa da tituna ba su da wurin zuwa in an tashi aiki, sai su zauna a gida suna haɗa ƙananan garuruwa a kan teburi. Su ne ke sayen tarago da gadoji da 'yan bishiyoyin roba.

A bayan shagon akwai wani teburi mai faɗin ƙaramin ɗaki. A kansa Abdulghaffar ya gina duwatsu da rami da tasha, layin dogo ya zagaye su. Akwatin da ake murɗawa jirgi ya tashi ko ya tsaya, dattijon yana kiransa linzami. Al'adarsa ita ce kowace Alhamis bayan La'asar ya dafa shayi ya kunna jirage, kuma duk wanda ya leƙo, Bature ne ko ɗan dako, sai ya miƙa masa linzamin ya ce ya zagaya sau ɗaya. Wannan al'ada tana ƙona wa Nomau rai.

"Alhaji, mutanen nan ba saye za su yi ba," ya kan ce. "Hannunsu duk maiƙo. Wata rana za su karya mana abu."

"Ya Nomau," in ji dattijon, "wanda ya riƙe linzami sau ɗaya, zuciyarsa ta shiga jirgi. Sannan iskar garin nan gishiri ce. Layin da ba a binsa, teku ke cinye shi."

Nomau dai bai taɓa yarda ba.

Da Allah ya yi wa Abdulghaffar rasuwa, ɗansa Abdulghani ya gaji shagon. Shi ma'aikacin ofis ne, bai damu da jirage ba, sai ya sakar wa Nomau ragamar komai. Sadakar arba'in ba ta yi nisa ba Nomau ya kira mai gilashi ya rufe teburin ruf, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Shayin Alhamis ya ƙare. Ya ce yanzu shago ya zama na manyan mutane.

Ana nan sai wani direba mai suna Badaru ya shigo, ɗan Najeriya, yana jan mota a gidan wani Balarabe. Ya tsaya a gaban gilashin ya daɗe, har idonsa ya kawo ruwa.

"Malam, mahaifina a tashar Nguru ya yi aiki," ya ce. "Irin wannan baƙin jirgin nake jira da yamma ina yaro. Don Allah ka kunna in gani. In akwai na talaka, mai sauƙi, zan fara da shi."

Nomau ya dube shi daga takalmi zuwa hula. "Bon, to. Na talaka yana kasuwar kayan wasan yara. Nan ba can ba ne. Ka ɗan matsa, kana sa wa gilashi tururin baki."

Badaru ya yi sallama ya fita. Haka Nomau ya yi wa wani tela ɗan Indiya, haka ya yi wa wani malamin makaranta ɗan Jidda da ya tambayi abin da Nomau ya ga bai kamata a tambaya ba. Duk ya kore su da baki, ya zauna yana jiran Turawa.

Turawan kuwa sai raguwa suke. Kwangiloli suka ƙare, wasu suka tsufa suka koma gida, waɗanda suka rage suka gano cewa za su iya zama a ɗaki su yi odar kaya ta intanet, a kawo musu har ƙofa da arha. Manyan kantuna suka buɗe, cike da wasannin kwamfuta. Nomau ya kan buɗe shago da safe, ya share, ya goge gilashin har ya yi ƙyalli, ya rufe lokacin salla, ya dawo ya sake zama. Wani lokacin yini guda ba mai shigowa sai mai tambayar batirin agogo. Da yamma ya hau bas ya koma unguwarsu Mahjar a gajiye, gajiyar da ta fi ta mai dako, don ita ta zaman banza ce. Gemunsa ya yi fari a kan kujerar nan.

Wata rana Abdulghani ya zo. Hausarsa ba ta da ƙarfi, yana yi yana haɗawa da Larabci.

"Ya ammi, ni na gaji. Akwai mutum yana so wurin nan, zai yi shagon waya. Wallahi don Baba na yi haƙuri har yanzu. Alhamis bayan Asar ina zuwa. In na ga mutane kamar zamanin Baba, shago ya zauna. In mafi, babu kowa, halas, an rufe. Kuma ka sani, iƙamarka a kan shagon take."

Nomau ya sani. In shagon ya mutu, babu kafilin da zai ɗauki tsoho wanda bai iya komai ba sai gyaran jirgi mai tsawon tafin hannu. Ya yi ta neman tsofaffin masu sayayya. Wannan ya koma ƙasarsu, wancan ya mutu, wani kuma ya ce ya sayar da kayansa tuntuni. Ya koma gida ya zauna, abinci ya huce a gabansa.

Matarsa Rakia ta dube shi. "Malam, ai masu son abin nan suna nan. Matar Badaru ta ce mini kowace Juma'a suna taruwa a unguwar Khumra, a kusurwar wani sito. Sun fi goma. Daga waje suke odar kayansu, don sun ce ba sa iya shiga wurinka."

"Direbobi da teloli," in ji Nomau.

"Su ɗin dai. Kai Turawanka suna ina?"

Maganar ta yi masa zafi. Ƙafarsa ta kasa kai shi Khumra, sai ya bar Rakia ta aika musu da gayyata ta bakin matar Badaru.

Ranar Alhamis suka zo, ba don Nomau ba, sai don wasu cikinsu sun sha shayin Abdulghaffar, sauran kuma sun ji labarinsa. Badaru na gaba, ga telan, ga malamin makarantar, ga wasu da Nomau bai ma tuna ya kora ba. Shagon ya cika irin cikar da bai yi ba tun mutuwar mai shi. Abdulghani ya shigo ya ga jama'a, fuskarsa ta saki.

"Masha Allah. Yalla, ya ammi, kunna mana."

Nomau ya ciro makulli. Kwaɗon ya yi gardama kafin ya buɗe. Aka ɗaga gilashin, wani warin danshi ya taso. Ya murɗa linzami. Baƙin jirgin ya yi ƙugi, ya motsa kamar taƙi ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara murɗawa, shiru. Da ya sunkuya sai ya ga layin duk ya yi baƙi, wasu wurare kore, wasu tsatsa. Shekara da shekaru yana goge gilashin ta waje, a ciki kuwa gishirin teku na aikinsa.

Badaru ya naɗe hannun riga. "Malam Nomau, wannan ba komai ba ne, namu ma yana yi in muka yi fashin mako biyu. Ba mu tsumma da ɗan mai. Muna da yawa, kowa ya kama gefensa, kafin Magariba jirgi zai zagaya."

Telan ya riga ya miƙa hannu zai ɗaga tarago ɗaya. Hali zanen dutse. Kafin Nomau ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Kada wanda ya taɓa mini. Wannan ba aikin kowa da kowa ba ne."

Telan ya janye hannunsa a hankali. Badaru ya sauke hannun rigarsa ya maɓalle. Ba wanda ya yi faɗa. Suka yi wa Abdulghani sallama, suka yi wa mamacin addu'a, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Nomau ya tsaya da tsumma ɗaya a hannu, ga layi mai tsawon da ba zai goge shi kaɗai ba ko da zai kai gobe.

Abdulghani ya dube shi da tausayi, ba da fushi ba. "Yanzu na fahimta, ya ammi. Ba intanet kaɗai ba ce. Halas."

Aka rufe shagon, iƙamar Nomau ta bi shi. Teburin bai iya fita ta ƙofa ba, sai da aka yanka shi gida-gida da zarto. Abdulghani ya ba mutanen Khumra shi kyauta, ya ce Baba zai fi so haka.

Ana saura kwanaki kaɗan su koma Maraɗi, Rakia ta matsa masa ya je ya ga teburin. Ya je, ya tsaya a ƙofar siton kamar baƙo. Sun haɗa shi, sun goge layin yana walƙiya, ga buta a kan wuta, ga baƙin jirgin yana fitowa daga rami da taragonsa a baya. Nomau ya juya zai tafi, Badaru ya hango shi. Ya taso, ya gaishe shi da ladabi, ya sa masa linzamin a hannu.

"Zagaya sau ɗaya, Malam. A nan duk wanda ya leƙo sai ya zagaya. An ce mana haka mai teburin yake yi."

Nomau ya murɗa, jirgi ya tashi. Ya bi shi da ido har ya kewayo tasha, hawaye na zuba cikin farin gemunsa, don sai a lokacin ya tuna cewa tun ranar da ya sa kwaɗon nan, shi kansa bai sake tuƙa jirgin ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma mai sana'ar da ke raina ƙananan masu zuwa wurinsa yana rufe ƙofar gobensa da hannunsa. Zamani kan canja, kasuwa kan faɗi, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma a ranar da ta faɗi, mutanen da ka karɓa da fuska su ne za su tallafe ka, in ka bari. Duk abin alherin da Allah ya ba ka, ilimi ne ko sana'a, kada ka kulle shi don kada a taɓa. Ba za ka tsare shi ba, tsatsa kawai za ka bar wa shi.