Shaidar Kyanwa a Ƙofar Iya Tabawa

Dalilin da ya sa kyanwar kwararo take ajiye mataccen ɓera a bakin ƙofar mutane ta yi tafiyarta, shi zan faɗa muku yanzu, tunda Balaraba ta tashe mu da ihu da sassafe kamar wadda ta taka maciji. Ɓera ne fa, 'yar nan, mataccen ɓera! Kai kuma Ɗanliti, yar da dutsen nan, na ga lokacin da ka ɗauka. Ku matso ku kama mini ɓarar gyaɗar nan. Wanda ya kai baki kuma, ina kallonsa.

A da can, kyanwa ba 'yar yawo ba ce. A wani ƙauye da ake kira Tudun Marke, kyanwa ɗaya ce tak, kuma ta kowa ce. Duk gidan da ta shiga akwai wurinta a gefen murhu. Amma inda ta fi zama shi ne gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, idonta kuma ya fara yin hazo. Abin da ya rage mata a duniya shi ne gonar da mijin ya bari, da 'yan dammunan gero na iri da take ajiyewa a rumbu duk shekara. Ƙarfin noma ba ta da shi. Samarin gari ne suke yi mata gayya, su nome mata gonar a wuni ɗaya, ta dama musu kunu. Matuƙar akwai iri a rumbu, akwai gayya, to Iya Tabawa tana nan a ɗakinta. Ran da ɗaya ya kuɓuce, sai dai ta kwashe tsummokaranta ta tafi wani gari ta raɓa da dangi.

To, ita kyanwa tana da wani hali. Tsabta ce da ita kamar amarya. In ta kama ɓera, bayan rumbu take kai shi ta cinye, ta binne abin da ya rage, ta wanke fuska, ta fito kamar ba ta yi komai ba. Haka ta riƙa yi har ɓera ya ƙare a garin. Yara suka taso ba su taɓa ganin wutsiyarsa ba, manya kuwa suka manta da ɓarnarsa.

Sai dai kada ku ɗauka waliyyiya ce, a'a. In aka bar ƙwaryar nono a buɗe, za ta sa baki. In aka shanya kifi, za ta ɗauki rabonta ba sallama. Kuma aikinta a ɓoye take yi, amma ɓarnarta da barcinta a gaban kowa. Rana tsaka kowa yana gumi, ita tana miƙe a inuwar rumbu tana hamma. Wa zai gani bai ji haushi ba?

Wadda ta fi kowa jin haushin ita ce Ladingo, maƙwabciyar Iya Tabawa, mai kiwon kaji. Kuma tana da gaskiyarta, don wata rana kyanwa ta ɗauke mata tsako a gaban idonta. Ladingo ba ta yi faɗa ba. Tsince gashin tsakon ta yi, ta ƙulle a bakin zane, ta ce a ranta, Allah ya kai mu kaka.

Akwai wata al'ada a garin. In an gama girbi, ana taruwa a ƙofar gidan Sarkin Noma Jatau. Duk wanda ya yi wa gari hidima a shekarar sai ya fito ya nuna shaidar aikinsa, a ba shi rabonsa, a kuma ce ya ci gaba da zama. Maƙeri ya fito ya zube fartanyun da ya ƙera, aka ba shi damminsa. Wanzami bai ma yi dogon bayani ba, cewa ya yi maza su cire hula, aka ga kawuna fes, aka ba shi nasa. Jaki ya juya bayansa aka ga inda kaya ya goge masa gashi. Kare ya nuna tabon da kura ta yi masa a wuya. Aka zo kan kyanwa.

Sarkin Noma ya ce, "To, kyanwa, mene ne aikinki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kama ɓera."

Ya ce, "Madalla. Ina shaida?"

Kyanwa ta dubi hagu ta dubi dama, ta ce, "Na cinye."

Wayyo, dariyar da aka yi mata ran nan! Har da masu faɗuwa ƙasa. Wani ya ce, "Wane ɓera? Rabon da mu ga ɓera a garin nan tun muna yara."

Ta ce, "Ai shi ya sa ba ku gani."

Ba wanda ya saurare ta, don Ladingo ta riga ta miƙe tana kwance bakin zane. Ta zazzage gashin tsakon a gaban Sarkin Noma, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ita ba ta da shaida, ni ina da ita. Ga aikinta nan." Nan fa baki ya buɗe. Wannan ta ce nononta, waccan ta ce kifinta, wani ya ce ta taɓa yi masa ƙazanta a cikin tokar murhu.

Iya Tabawa ta dogara sanda ta tashi, ta ce, "Jama'a, ku bi a hankali. Ni dai tun da baiwar Allah nan take kwana a bayan rumbuna, ban taɓa ɗebo gero na ji an taɓa shi ba."

Ladingo ta ce, "Haba Iya, ke da ba ki gane ni sai na yi magana, yaushe kika ga tana aiki?"

Aka sake kwashewa da dariya. Sarkin Noma ba mugu ba ne, amma mutum ne mai bin abin da idonsa ya gani, kuma abin da ke gabansa gashin tsako ne. Ya ce kyanwa ta bar gari kafin la'asar. Duk gidan da ya ɓoye ta, an cire shi daga gayya.

Kyanwa ta juya ta bar taron. Gidan Iya Tabawa ta nufa, ta kwanta a gefen murhu, don a zatonta nan dai ba mai korarta. Tsohuwa ta dawo ta zauna ta daɗe tana kuka. In ta riƙe kyanwa, ba gayya. In ba gayya, gonar mijinta ta tafi. Da rana ta karkata, sai ta ɗauko kwando, ta lalubo kyanwa ta sa a ciki, ta rufe da faifai. Ita da kanta ta kai ta bayan gari, gindin wata kuka, ta buɗe faifan.

Ta ce, "Ki yafe mini. Ba ni da kowa sai gonar nan."

Kyanwa ta fito ta kalle ta, ta shige ciyawa. Ni duk lokacin da na zo nan wurin sai na ji zuciyata ta karye, don duka biyun tausayi suke ba ni.

Rani ya shigo. Da farko ɓera ɗaya aka gani, yara suka bi shi da gudu suna murna sun ga sabon abu. Kafin a ankara, ɗaya ya zama gayya guda. Suka huda buhuna, suka ci tufafi a cikin adaka, suka riƙa bi ta kan mutane suna kwance. Aka kafa tarko, suka koyi cinye abin da ke kai su wuce. Aka ce kare ya taimaka, ya bi ɓera ɗaya ya fasa tukwane uku, aka ce ya bari haka nan. Gafiya ma ta ji labarin gari ba mai tsaro, ta tare a akurkin Ladingo, ta kwashe ƙwai, ta bi 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya. Ladingo da ta tara gari a kan tsako guda, sai ga ta da kaza ba ɗa ko ɗaya a bayanta.

Su kuwa rumbunan iri ba a taɓa su, don al'adar garin ita ce a liƙe bakinsu da laka bayan girbi, ba a fasawa sai ruwan shuka ya sauka. Kowa yana jin motsi a ƙarƙashin nasa, kowa yana cewa ai laka ta tsare. Iya Tabawa ko kusa da nata ba ta iya zuwa, saboda fargaba. Abu ɗaya take yi. Kullum da safe sai ta zuba ɗan kunu a sakaina, ta kai bayan danga ta ajiye, a waje, inda ba wanda zai ce ta shigar da kowa gida. Da yamma ta tarar da sakainar wayam. Ba ta san ko kyanwa ce ko ɓerayen ne suke sha ba, amma ba ta fasa ba.

Ran nan ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu sharkaf. Da safe kowa ya hau rumbunsa ya fasa laka, sai salati ya tashi ta ko'ina. Ɓeraye sun huda ta ƙasa. Ba abin da ya rage sai zangarniyar da ba tsaba da kashinsu. Har rumbun Sarkin Noma bai tsira ba.

Iya Tabawa tana ɗaki tana jin salatin mutane. Ta yi ƙarfin hali ta fito. Tana sa ƙafa a bakin ƙofa, sai ta taka wani abu mai laushi. Ta sunkuya ta laluba, ta ji wutsiya. Ta ƙwalla ihu irin na Balaraba, ta ce, "Shi ke nan, sun iso har ƙofar ɗakina! Irina ya tafi!"

Maƙwabta suka shigo a guje. Ladingo ce ta fara lura, ta ce, "Iya, ai matattu ne." Ga su nan an jera su a bakin ƙofa, har da ƙatuwar gafiya a ƙarshe. Sarkin Noma da kansa ya naɗe wando ya hau rumbun tsohuwa ya fasa lakar. Ya zura hannu ya zaro zangarniya. Cike take da tsaba, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba. Ya sake zarowa, haka. 

Sai aka ji motsi a kan danga. Kyanwa ce zaune, kunne ɗaya a yage, ƙafa ɗaya a ɗage, jikinta duk tabon cizo da na jifa. Ashe duk ranin nan ba ta yi nisa ba. A ɓoye take zagayowa ta tsare rumbu ɗaya, na wadda take ajiye mata kunu.

Ta dubi Sarkin Noma ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce ba ni da shaida. Yau ban ci ba, na kawo."

Ba wanda ya yi dariya. Ladingo ta rufe fuska da gyale. Sarkin Noma ya sauko ya ce, "Mun yi kuskure. Ki dawo, duk gidan da kike so naki ne."

Ta ce, "Aiki zan yi, don garin nan na sani. Amma gida na bar shi. Kuma kada a ce ban faɗa ba, nono in an bar shi a buɗe zan sha. Mai ƙwarya ta rufe abinta, mai kaji ta kulle akurki."

Iya Tabawa ta matso wajen muryar tana laluben danga, ta ce, "Har ni? Wurinki yana nan a gefen murhu, ban bar kowa ya zauna ba."

Kyanwa ta sunkuyo ta goga kanta a hannun tsohuwa. Ta ce, "Iya, ban riƙe ki da komai ba. Kununki ne ya riƙe ni. Amma duk lokacin da na tuna gefen murhun nan, sai na tuna kwandon." Ta dira ta bayan danga ta tafi tana ɗingishi.

Daga wannan rumbu ɗaya garin ya yi shuka a shekarar. Iya Tabawa ta ɗebi nata, ta raba wa kowane gida ɗan abin da zai sa a rami. Gonarta aka fara nomewa, kuma ba ta bar ɗakinta ba har ƙarshen ranta. Sai dai gefen murhun nan haka ya zauna ba kowa. Abin da take samu kawai, wata safiyar in ta fito, sai ta taka abu mai laushi a bakin ƙofa. Ba ta ƙara yin ihu ba. Sai ta ce, "Sannu da aiki," ta koma ta ɗauko sakaina.

Shi ya sa har yau jikokin kyanwar nan suke yawo kwararo kwararo, ta kowa ce kuma ba ta kowa ba, kana miƙa hannu ta ja da baya. Shi ya sa kuma take ajiye ɓera a ƙofar gidan da ta yarda da shi. Wancan da kika taka, Balaraba, karin kumallonta ne ta haƙura da shi, don kada a sake tara mata jama'a a ce ba ta aikin komai.

To, tashi ki share shi, ki zuba mata sauran kunun nan a bayan katanga. Kai kuma Ɗanliti, je ka rufe mini kifin can da faifai, don na san halinta.