Dokar Bauɗaɗɗu

A can wani zamani da babu sauran mai tuna shekarunsa, an yi wani sarki wanda fari ya cinye ƙasarsa damina biyu a jere. Ya tara fadawa ya tambayi dalili. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, bauɗaɗɗu ne suka yi yawa a birni."

Sarki ya ce, "Mene ne bauɗaɗɗe?"

Wani tsohon malami ya ce su dai sun san ana faɗin kalmar ne ga karkatacciyar hanya, da jakin da ya bar turba. Waziri ya katse shi: "Duk wanda ya saɓa wa mafi yawan mutanen da ke kewaye da shi, shi ne bauɗaɗɗe." Aka yi shela. Aka fitar da bahagwai da zabiyoyi da masu in'ina bayan ganuwa.

Cikinsu har da Cindo marini, mai yatsu shida, ƙanen wani marinin mai suna Jatau. Kwana goma sha tara ya yi a daji, zazzaɓi ya kashe shi. Jatau bai samu ko wanke shi ba. Bayan wata biyu matar Cindo ta haifi 'ya mace. Da Jatau ya buɗe ɗan hannunta ya ƙirga yatsu shida, sai ya zauna a ƙasa.

Matar ta ce, "Yaya, ran suna wanzami zai gani, kuma sai ya faɗa."

Ya ce, "Rufe mata hannu. Ki ba ni kwana shida."

To, al'adar marina ce su kai wa sarki baƙin rawani duk shekara. Jatau ya bi karofi, wurin rini, rami-rami yana roƙo, har mutum arba'in suka yarda su raka shi. Suka cika zauren fada, suka ɗaga hannu suka yi jinjina, kowane hannu baƙi ƙirin da shuni har gwiwar hannu.

Jatau ya ce, "Zaki, ni ban yi karatu ba. Ina roƙon Waziri ya ƙirga mana hannuwan da ke zauren nan, masu shuni da marasa shuni."

Waziri ya ce, "Kai, marini, fada ce nan, ba bakin rami ba!"

Sarki ya ce, "Ƙirga."

Ya ƙirga. Masu shuni arba'in da ɗaya, marasa shuni tara.

Jatau ya ce, "To, ranka ya daɗe Waziri, a zauren nan wa ya bauɗe? Ban ambaci kowa ba sai kai."

Sarki ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Wa ka rasa?"

"Ƙanena. Saura 'yarsa, gobe suna."

Nan take sarki ya soke dokar, ya tuɓe Waziri, ya sa dogarai su fitar da shi ta ƙofar da ya fitar da mutane. Aka aika a kirawo korarru. Su saba'in aka kora, ashirin da uku suka dawo.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Hadiza, hannunta a buɗe. Maroƙi ya yi ta yabon adalcin sarki yana yi masa addu'a, jama'a suna amsawa. Jatau ya raba goro, ya amsa barka, bai ce amin ba.