Randar Raƙumin Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta mu ƙaru!

Wata shekara rani ya tsananta. Raƙumin Dawa, mai taushin zuciya, ya ce zai ajiye randar sadaka a bakin hanya saboda matafiya. Ya cika ta fal, ya ɗora ta a tsakanin rassan gawo, daidai bakinsa. Kwana da kwanaki ruwa bai ragu ba, abin duniya ya dame shi.

Rannan sai ya tarar da tsohuwa Bushiya kwance a gindin gawon, harshe a waje.

Ya ce, "Haba Iya! Ga ruwa bisa kanki, ƙishi zai kashe ki?"

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Tun jiya nake hangensa. Amma da wace ƙafar zan hau?"

Kunya ta rufe shi. Garin saurin sauko da randa, gindinta ya bugi reshe ya tsage, ruwa ya soma ɗiga ɗis, ɗis. Bushiya ta miƙa baki tana tara.

Raƙumin Dawa ya tsaya yana kallo, sai dabara ta faɗo masa. Ya mayar da randar mazauninta, ya samo kasko ya binne a ƙasa daidai maɗigar. Shi ke nan, dogaye su sha a sama, gajeru su sha a ƙasa.

Bushiya ta sha ta ƙoshi, ta share baki ta ce, "Ɗan nan, gobe in za ka yi alheri, kada ka auna shi da wuyanka."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta tafi ta bar mana ruwan sanyi!