Mai Bin Matattu Haraji

A nan cikin birnin Katsina an yi wani mutum, mazaunin wajejen Ƙofar Durbi. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana da 'ya'ya a raye, kuma abin da suka gani ya ishe su. Ni na yi masa salla ranar da ya rasu. Na daɗe ina ɗauke da labarin nan a zuciyata, ya gajiyar da ni, yau dai zan sauke muku shi.

Mutumin nan ya taɓa yin aikin masinja a wani ofis, aka rage ma'aikata, ragin ya haɗa da shi. Ya fito ba jari ba sana'a. Amma ya fito da sanin yadda ma'aikaci yake riƙe fayil, da yadda yake duba takarda yana girgiza kai a hankali. Sai ya je aka buga masa katin shaida na ratayawa a wuya, da littafin rasit, da hatimi. Daga ranar ya naɗa kansa jami'in haraji.

Irinsa ba su da wuyar gani, kuna haɗuwa da su a bakin shagunanku. Amma shi ba ya bin kasuwa yana ɗaga murya. Shi zaman makoki yake bi.

Duk inda aka yi rasuwa, daga Ƙofar Guga har Batagarawa, za ka same shi a kan tabarma da carbi a hannu. Ya fi kowa tsawon gaisuwa, ya fi kowa "Allah ya jiƙan rai". Yana zaune yana sauraro. Me marigayi yake sayarwa? Ina shagonsa? Wa ya bari a gida? Mu kuwa, Allah ya shirye mu, a zaman makoki babu abin da ba ma faɗi. Kafin a shafa fatiha mun gama karanta wa baƙo tarihin mamaci, har da lambar shagonsa.

Sai ya bari a yi sadakar bakwai, jama'a su watse. Sannan ya rataya katinsa, ya ɗauki fayil, ya yi sallama a ƙofar gidan. Ba ya tsawa, ba ya zare ido. Yakan yi ƙasa da murya ya ce marigayi ya tafi da sauran haraji a kansa, shi kuma don mutunci bai so a zo a garƙame shago ba.

Kun ga inda ya kama mu? Ya san abin da malamai suka karantar da mu tun muna yara, cewa bashi yana riƙe mamaci har sai an biya masa. Wane ɗa ne zai ji an ce ubansa yana kwance da nauyi a kansa, ya tsaya tambayar takarda? Imaninmu ya mayar abin farautarsa, ya 'yan uwa. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka.

A Ƙofar Guga akwai wani bawan Allah, Malam Sagiru mai injin markaɗe. Ya rasu ya bar matarsa Furera da marayu uku, da injin nan guda ɗaya wanda da shi ake ci a gidan. Kwana goma da rasuwa sai ga mutumin namu a zaure. Furera tana takaba, ta tsaya a bayan labule suka gaisa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma ban so zuwa ba. Malam mutumin kirki ne, mun saba da shi. Amma sunanshi shina nan cikin fayil, shekara huɗu bai biya ba. Ina tsoron mashi kwanciyar kabari."

Ta ce, "To mi za a yi, Malam? Ni ba ni hita yanzu."

Ya ce, "Ai shi ya sa na zo da kaina, don in hutar da ke. In kin kawo kahin Juma'a, ni zan rage maki tara. Kada ki bari maganar ta hita, a rufa ma mamaci asiri."

Da ma ya san ba za ta fita ba. Wata huɗu da kwana goma tana cikin gida, ba za ta je ofishin kowa ba. Shi ya sa ya fi son gidan da aka bar mace ita kaɗai.

Furera ta sa aka sayar da injin. Ko yayanta Shehu ba ta gaya wa dalili ba, ta ce masa wata lalura ce ta marigayi. Mutumin ya zo ya karɓi kuɗin a hannu, ya buga hatimi, ya miƙa rasit ta ƙarƙashin labule, har da addu'a ya yi wa mamacin kafin ya tafi. Gidan da mata suke layi da bokitin wake da tattasai tun safe ya yi tsit. Marayun suka koma cin abin da maƙwabta suka aiko.

Da ma haka ya daɗe yana yi, shekara da shekaru. Ya gyara gidansa, ya yi ƙiba, a unguwa ana ce masa mutumin kirki mai zumunci, ba a rasuwa bai je ba.

To asirinsa bai tonu ta hanyar wayon kowa ba. Washegarin da Furera ta fita takaba, ta ɗauki rasit ɗin nan da ta adana a cikin kwalla, ta hau adaidaita ta tafi ofishin haraji. Ba zargi ya kai ta ba. So take ta tambaya ko akwai sauran wani abu a kan mijinta, don hankalinta ya kwanta. Ma'aikaciyar da ta samu ta juya takardar gaba da baya, ta duba na'ura, ta ce mata wannan ba takardarsu ba ce, kuma babu wanda suka aika gidanta. Ta ƙara da cewa Malam Sagiru babu ko sisi a kansa. Furera ta zauna a ƙasa a tsakiyar ofis, aka rasa mai iya tashe ta.

Bayan mako biyu 'yan sanda suka ɗauke shi a Batagarawa, a kan tabarmar makoki, da carbinsa a hannu. Shehu ne ya nuna shi, don Furera ta gaya masa komai, shi kuma ya tuna fuskar mutumin daga zaman makokin Malam Sagiru. Aka ɗaure shi. Ya fito da ciwo a ƙirji, bai ƙara shiga taro ba, bai cika shekara ba ya rasu.

Mutumin da bai taɓa fashin jana'iza ba, sahu biyu muka yi a kansa, na biyun ma bai cika ba. Bayan an idar na yi sanarwar da muka saba yi a kan kowane mamaci, cewa duk wanda yake bin marigayi wani abu ya samu iyalansa. Na faɗi wannan magana sau ɗari a rayuwata, ban taɓa jin ta yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

Babban ɗansa Nu'uman, tela ne, magidanci mai kunya, shi ya zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka fara zuwa. Sai mutum ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ajiye wata 'yar takarda a gefen tabarma ya tashi. Kowace da hatimin nan, kowace da sa hannun ubansa. Kafin kwana uku sai da aka sa dutse aka danne su don kada iska ta kwashe.

Nu'uman ya sayar da gidan gadon, bai isa ba. Ya same ni a masallaci ya ce, "Malam, waɗanga na san su, zan yi ta biya har in mutu. Waɗanda ba su ji ba fa? Waɗanda har yau suna ganin haraji suka biya ma iyayensu, ina zan gan su?"

 Har yau ba a san inda suke ba, ya 'yan uwa.

Na je da kaina na roƙi Furera ta yafe.  Ta ce, "Malam, injin na yahe. Amma wata huɗu na yi ina kuka, ina ganin maigidana cikin ƙunci a kabari, alhali bai ci na kowa ba. Wanga ban iya ba tukuna." Na tashi na tafi, don ban ga ta inda zan matsa mata ba.

Bashin da ya yi ta ƙaga wa matattun mutane, shi ya kwanta da na gaske, kuma babu wanda ya san iyakarsa sai Allah. Wanda yake wannan sana'a a cikinku, ko ɗansa yake yi ya kau da kai, ya tuna za a yi wannan sanarwa a kansa wata rana.

Ku kuma na gaji da ganin hawayenku bayan an gama da ku. Mutum zai yi rabin awa yana ciniki a kan kashin albasa, amma da ya ga kati a wuya sai ya miƙa jarinsa. Kati ko'ina ana buga shi. Wanda ya ce ka ba shi a hannu, ko ka tura a asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ba hukuma ce ta aiko shi ba. In ya ce sai yau, ko ya ce zai rage maka, ko ya ce kada kowa ya ji, to ka ce masa, "Mu je ofis tare." Mai gaskiya ba ya tsoron ofishinsa. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma ba ta hana mamaci rahama. Wanda aka bar wa ƙanwa ko uwa tana takaba, ya taka da ƙafarsa ya je ya tambayo mata. A zaman makoki kuma mu rage surutu, mu yi abin da ya kawo mu.

Allah ya jiƙan matattunmu, ya sauke musu nauyin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sassauta wa Nu'uman, ya mayar wa Furera da mafi alheri. Allah ya kiyaye mu da kwanciya da haƙƙin maraya a wuya. Amin.