Magidancin Tsakiyar Layi

Wai ranar kasuwa Ciyaman Barau ya bugi ƙirji, ya ce tun hawansa samun magidanci mai tsaka-tsakin ƙarfi ƙaruwa yake yi kowace shekara. Ɗanliti wanzami ya tuntsire da dariya, sai aka iso da shi gabansa.

"Dariya kake yi? To, ka tabbatar wa jama'a maganata, ban da ƙarya, ko yau a rushe rumfarka."

"Ranka ya daɗe, ai gaskiya ka faɗa. A ce an jera magidanta daga attajiri zuwa talaka. Lokacin da ka hau, ni ne a tsakiyar layi. Bana kuwa Alhaji Mudi mai siminti ne."

"Kun dai ji ko?" in ji Ciyaman, yana gyara hula. "Faɗa musu yadda na yi."

"Na bayan layin ne suka gudu ci-rani, sai tsakiya ta matsa gaba. In ka samu tazarce, kai kaɗai za ka rage a garin, ranka ya daɗe. Kai ne na gaba, kai ne na tsakiya."

Kasuwa ta kece da dariya. Ciyaman ya laluba inda ƙaryar take, ya rasa.