Takobin da Ya Faɗi a Shagon Inna Fusae

Ku yi mini afuwa, masu bibiyata, wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Sunan shagon ya tafi, shekarar ma ta tafi. Na dai san lokacin ina koyarwa a Osaka ne, kuma ana ruwa, domin ina tuna lemomi jere a bakin ƙofa. Ko kuwa wata ranar ce wannan? To, ga abin da ya rage.

Akwai wani direban tasi mai suna Genzo. Tun yana ɗan makaranta yake zuwa shagon wasannin bidiyo na Inna Fusae, wanda ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ni ma can nake zama in sha shayin sha'ir in na taso aiki, ko da yake ban taɓa iya wasan ba.

A ƙuryar shagon akwai tsohon injin wasan takubba, na mayaƙan zamanin da. Allo biyu ne sun juya wa juna baya, saboda haka ba ka ganin wanda kake karawa da shi sai ka miƙe. Wasan ba irin na danne-danne ba ne. Sara ɗaya mai kyau kan kwashe rabin ran mayaƙin da ke cikin allo, wani lokaci ma a kaɓe masa makami ya faɗi ƙasa.

Inna Fusae tana da doka guda: in ka kaɓe takobin abokin karawarka, ka ɗauke hannunka daga inji har sai ya ɗauka. Wasan bai hana ka sare shi ba. Ita ce ta hana.

Shekara da shekaru babu mai ja da Genzo. Sai ga Mitsuharu, mai sayar da awara a bayan kasuwa, mutum shiru-shiru. Genzo ne ya koya masa riƙon inji. Inna kuma ta koya masa wasa da wani tsohon mayaƙi na cikin wasan mai dogon takobi, wanda ita kanta take ɗauka kafin ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa mata yatsu.

Sannu a hankali, 'yan kallo suka koma tsayuwa a bayan Mitsuharu.

Wata rana Genzo ya ce mini, "Malam, ka ga mai awara? Ni na koya masa. Yanzu in ya yi atishawa ma tafi suke yi."

Na ce, "Ai abin alfaharinka ne."

"Alfahari? Hannunsa wari yake, na waken suya."

Mitsuharu ya ji, ya yi dariya. "Yaya Genzo, warin nan ne ke sa ka ci faranti biyu kullum."

Kowa ya dara, ban da Genzo.

Da Inna ta sanar za ta rufe shago ta koma ƙauye wurin ƙanwarta, sai ta ce tsohon injin ba na sayarwa ba ne, kyauta za ta ba ɗaya daga cikin 'ya'yan gida, wato 'yan wasan da suka saba zuwa shagon. Ba ta faɗi suna ba. Daga ranar Genzo ya daina cin awara. In ya ga Mitsuharu na taya ta share ƙasa, sai ya ce, "Share da kyau, magaji. Ka ga can ma ka bar ƙura."

Ranar ƙarshe Genzo ya iso da rana tsaka. Ya ga keken Mitsuharu a ƙofa. Ya leƙa allon da ba kowa, ya ga tsohon mayaƙi mai dogon takobi yana ta sarar abokan gaba. Bai zagaya ya gaisa ba. Ya zauna, ya jefa sulalla, ya shiga.

Na matso kusa da shi, don idona ko a lokacin ba shi da ƙarfi.

Tsohon mayaƙin ya yi ta wasa a hankali. Ya kai sara a makare, ya tsare a makare. Genzo ya cije leɓe.

Ya ce, da ƙarfi yadda za a ji ta bayan inji, "Sassauta mini kake yi? Ni za ka ji wa tausayi? Yi wasanka, mai awara."

Jirgi ya wuce a sama, kofuna suka kaɗa.

Can sai takubba suka haɗu, dogon takobin ya yi sama ya faɗo can gefe. Tsohon mayaƙin ya juya a natse yana tafiya wurinsa, bai ko kare kansa ba, irin tafiyar wanda ya san dokar gida.

Na ga hannun Genzo ya ɗaga daga inji, don sabo. Sai ya tsaya a iska. Sai ya sauko.

Sara ɗaya, ta baya. Wasa ya ƙare.

Genzo ya miƙe yana gyara hula, ya juya, sai ga Mitsuharu tsaye a bayansa riƙe da farantin awara mai zafi, wadda ya je kicin ya soya wa jama'a ta ban kwana.

"Kai ne nan? To wa ke...?"

Daga bayan injin Inna Fusae ta taso, tana dafa bango, tana murza yatsunta.

Ta ce, "Na ce bari in yi na ƙarshe kafin a kashe wuta. Da na ji muryarka na yi murna. Na ce da babban ɗana zan rufe."

Genzo ya sunkuya har hularsa ta faɗi. "Inna, ban san ke ba ce. Na ɗauka shi ne."

"Na sani. Abin da ya dame ni ke nan. Da ka san ni ce, da ka jira."

Mitsuharu ya ce, "Inna, hannunsa ne ya zame. Yana faruwa."

"Yi shiru, kai kuma. Ba ka iya ƙarya ba." Ta dubi Mitsuharu. "Ka gyara wuri a shagonka. Gobe za a kawo maka injin."

Genzo ya fita bai ɗauki lemarsa ba. Abin da ya biyo baya ya ɗan ruɗe mini. Ina jin na taɓa ganin tasinsa a tsaye gaban shagon awara, yana ciki bai fito ba. Mitsuharu dai ya ajiye wa injin kujeru biyu, kuma ba ya barin kowa ya zauna a ta hagu, wai ta Genzo ce.

Amma abu ɗaya na tabbatar, don da ƙafata na je wurin mai motar da ya ɗauki injin na tambaye shi. Ya ce tun kafin ranar rufewa Inna ta kwatanta masa inda zai kai shi, kuma gidan Genzo ne. Mitsuharu ne ma ya raka shi ya nuna masa ƙofar, ya auna ta da hannu ko injin zai shiga.

Darasi: Hassada takan sa mutum ya sare hannun da ke miƙo masa kyauta, yana zaton na abokin gaba ne. Ka yi adalci ko da ba ka ganin fuskar wanda ke ɗaya gefen. In kana da wanda ɗaukakar ƙaninsa ke hana shi sakewa, tura masa wannan, a tausashe.