Fitowa Uku da Suka Rage wa Odell Rasko

Akwai wani koci a garin nan namu mai suna Lonnie Brubaker. Shekara shida yana riƙe da ƙungiyarmu ta besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda. Duk wanda ke zuwa fili ya san shi: gajere, mai furfura, kullum fensir na maƙale a kunnensa.

A cikin 'yan wasansa akwai Odell Rasko. Ba zan wanke Odell ba. Ya taɓa ture alƙalin wasa, aka dakatar da shi wasa goma. Ya taɓa zagin 'yan kallo. Shi kansa Lonnie bai tsira ba, domin Odell ya ce a talabijin gara a ba shi tuƙin motar 'yan wasa da a ba shi ƙungiya.

Lokacin da Odell ke buga ƙwallo tana tsallake katanga sau arba'in a shekara, duk an haɗiye wannan. Amma bara ya cika shekara talatin da takwas. Hannu ya yi nauyi, ƙafa ta yi sanyi, baki kuwa yana nan yadda yake.

Ga abin da ke cikin kwantiraginsa, kuma jaridu sun buga shi tun ranar da aka sa hannu. Idan ya fito bugu sau ɗari biyar a kakar wasa ta bara, kwantiragin zai ƙaru da shekara guda, a kan dala miliyan goma sha huɗu. Ba a ce sai ya yi bajinta ba. Fitowa kawai aka ce. Ƙungiya ce ta rubuta haka da hannunta, lokacin da take tsoron kada wasu su ɗauke shi.

Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi, don haka ku riƙe lambar nan da kyau. Saura wasa tara a gama kaka, Odell ya fito sau ɗari huɗu da casa'in da bakwai.

A ranar ne babban manajan ƙungiya, Trent Hallowell, ya kira Lonnie ofis. Trent mutum ne mai taushin murya, ba ya taɓa ba da umarni kai tsaye. Ya ce tunda an riga an fitar da su daga neman kofi, ai lokaci ya yi da za a gwada sabbin jini. Ya ce ya kuma lura kamar gwiwar Odell tana damunsa. Daga ƙarshe ya tuna wa Lonnie cewa shi ma nasa kwantiragin ya kusa ƙarewa, kuma mai ƙungiya yana son mutane masu fahimta.

Lonnie ya fahimta. Ya ajiye Odell a benci.

Wasa ɗaya, biyu, har takwas. Kowa ya zaci Odell zai fasa wani abu. Bai fasa ba. Kullum shi ne farkon zuwa atisaye, ya sa kayansa, ya zauna a ƙarshen benci. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ranar wasa na shida, da Lonnie ya zo wucewa.

"Koci, na ji a rediyo wai gwiwa ce. Tawa ko taka?"

Lonnie ya wuce abinsa.

Ranar Asabar, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta aiko da tambaya a rubuce: me ya sa aka daina sa Odell? Trent ya shirya amsa, ya kawo wa Lonnie ya sa hannu. Takardar ta ce koci ne da kansa ya ga Odell yana ɗingishi, ya yanke shawarar hutar da shi.

Lonnie ya karanta sau biyu. Ya ce bai ga ɗingishi ba. Trent ya yi murmushi, ya ce ba sai yau ba, Lonnie ya tafi da ita gida ya kawo gobe bayan wasa.

Lahadi da rana aka yi wasan ƙarshe. Ka'ida ce kafin a fara, koci ya rubuta jerin masu bugu tara, ya kai wa alƙalin wasa a tsakiyar fili. Da zarar takardar ta shiga hannun alƙali, magana ta ƙare. Daga ofis ba a iya canza ta. Koci kaɗai ke iya cire ɗan wasa.

Lonnie ya rubuta sunan Odell a lamba ta ɗaya. Wanda ke lamba ta ɗaya shi ya fi kowa yawan fitowa.

Da aka kira sunan a lasifika, rabin filin ya ɗau ihun tsiya. Ina wurin, layi na goma sha biyu. Wanda ke kusa da ni ya ce tsohon nan ko kwandon shara aka jefo masa ba zai same shi ba.

Kuma gaskiyarsa. Fitowar farko Odell ya kai wa iska duka sau uku, ya koma benci. Fitowa ta biyu ya buga ƙwallo sama, aka cafe ta ba wahala. Ɗari huɗu da casa'in da tara.

Nan Trent ya sauko daga ɗakinsa na gilashi, ya tsaya a lungun da ke bayan benci. 'Yan wasa uku sun ji abin da aka faɗa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wannan karon bai yi zagaye ba.

"Cire shi, Lonnie. Yanzu."

"Wane dalili zan ba alƙali, yallaɓai?"

"Mutumin nan ya ce direba ne kai, a gaban duk ƙasar nan. Shi za ka zubar da aikinka dominsa?"

"Ya faɗa. Amma ba ni na rubuta ɗari biyar ba. Ku kuka rubuta."

Ya juya ya koma wurinsa. A zagaye na shida Odell ya fito, ya buga wata ƙwallo mai rauni a ƙasa, aka fitar da shi tun bai ruga ya kai zangon farko ba. Ɗari biyar. Mun sha kashi, huɗu da ɗaya.

Litinin da safe aka kori Lonnie. Sanarwar ta ce wai ya kasa riƙe 'yan wasansa, har sun raina shi.

Bayan kwana uku Odell ya je gidansa, ya same shi yana share ganye a ƙofar gida. Matar Lonnie ce ta ba da labarin. Ta ce Odell ya daɗe tsaye, hannu a aljihu, kafin ya tambaye shi me ya sa ya yi haka.

"Kada ka ɗauka sonka nake yi," in ji Lonnie. "Da ni ne mai ƙungiya, da tun bara na sallame ka, na biya ka abin da aka rubuta, kowa ya huta. Amma kwana takwas na yi ina taya su yi maka ƙarya. Ban iya na tara ba."

Odell ya ce to shi ma maganar direba ya janye ta. Lonnie ya ce ya bar ta, ai gaskiya ya iya tuƙi. Ya miƙa masa tsintsiya.

Ba a yi wata biyu ba wata ƙungiya ta ɗauki Lonnie, domin 'yan wasanta da kansu suka nemi a kawo shi. Trent kuwa ya nemi manyan 'yan wasa biyu a lokacin sanyi, dukansu suka ƙi zuwa. Wakilin ɗayansu ya ce ba za su sa hannu a inda sai an yi sa'ar koci kafin takarda ta yi aiki ba.

Amma abu ɗaya bai gyaru ba. Sanarwar nan tana nan a shafin ƙungiya har yau, da kalmar raini a cikinta. Ƙarya ce. 'Yan wasa ashirin da uku sun sa hannu sun ce ƙarya ce. Na rubuta wa mai ƙungiya sau huɗu, ba amsa. Ban ce a mayar da Lonnie ba, ya samu inda aka san darajarsa. Abin da nake nema layi biyu ne: a janye sanarwar, a ba shi haƙuri da sunansa. Za a yi, domin ba zan daina rubutawa ba.

Darasi: Alkawari ba ya tsufa don wanda aka yi wa ya tsufa, kuma munin halin mutum ba ya halatta maka cin haƙƙinsa. In ka gaji da shi, sallame shi ido da ido, ka ba shi nasa. Ku tura wannan ga duk wanda kuka sani yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ku ci gaba da turawa har ya isa teburin mai ƙungiya.